YAWON ZAZZAU A MOTAR SALMANU

Shafi na 23

Da sunan Allah. Masu damuna da saƙo tun shekaranjiya, ku yi haƙuri, ga Mero nan na kawo muku. Wanda yau ya fara shigowa kuma ya zauna, zai gane hanya.

*

Mero ba ta taɓa wuce Katsina ba sai wannan karon, shi ma ba da son ranta ta baro ƙauyensu Darini ba. Dawarta ta sunkuya, saura kaɗan a fara girbi. Ga kuma Alhaji Sada, ɗan kwangilar da ke fasa hanyar mota daga Batsari zuwa Safana, ya ɗora ido a kan gonarsu ta gado, wai ƙarƙashinta jar marmara ce irin wadda ake zuba wa titi. Ya aiko, ya zo da kansa, ya biyo ta wajen mai gari, Mero ta ce ba ta bayarwa.

Ƙaninta Salmanu, wanda ta goya tun yana jinjiri bayan uwarsu ta rasu, shi ne yanzu malami a jami'a can Samaru ta Zariya. Shi ya zo har gida da sabuwar Fijo fara, ya ce da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, ya saye ta, kuma ya rantse ba za ta tsufa ba sai Yayarsa ta zaga Zazzau a ciki. Ta kawo maganar dawa, ya ce kwana nawa ne. Ta kawo maganar Alhaji Sada, ya ce ai a gabanta ya gaya masa abin da Yaya ta ce shi ne magana.

Abin da ya sa ta sakko shi ne da ya ce zai kai ta zauren da Babansu ya yi karatu yana saurayi. Tun tana ƙarama Baban nasu, Malam Hamidu, ke ba ta labarin Zazzau, har ta haddace sunayen ƙofofin garin ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba.

Cikin birni suka fara shiga. Da suka iso Ƙofar Doka ta sa aka tsaida mota, ta fito ta dafa ganuwa da tafin hannunta. Ƙasar da ɗumi, ta zaizaye ta wani wajen, awaki na hawa suna sauka. Ta daɗe a haka, har Zuwairatu matar Salmanu ta zo ta riƙe mata gefen mayafi tana dariya.

Gidajen birni su suka fi ɗaure mata kai. Bango ne na ƙasa irin nasu, amma an zane fuskarsa tun daga dokin ƙofa har zanko, wani da dagi, wani har da keke da agogo. A babban masallaci wani dattijo ya bar ta ta leƙa daga bakin ƙofa da yake ba lokacin salla ba ne. Ta ɗaga kai ta ga yadda aka lanƙwasa ginin laka ya haɗu a sama ba ƙarfe ba siminti, sanyi na fitowa daga ciki kamar bakin randa. Ta ce lallai wanda ya yi wannan hannunsa da albarka.

Suka bi ta marina, ta tsaya kallon yadda ake tsoma farin ƙyalle ya fito kore, iska ta taɓa shi ya koma shuɗi a gaban idonta. Suka sayi mazarƙwaila a bakin kasuwa.

Sai zauren.

Wani lungu ne da mota ba ta shiga. A ciki suka tarar da tsoho a kan buzu, idonsa ya tafi amma kunnensa garau. Da Mero ta faɗi sunan Babanta da garinsu, tsohon ya ce, “Hamidu Bakatsine? Mai yawan dariya, wanda ba ya iya cin tuwo sai da barkono?”

Mero ta sa mayafi ta rufe fuska. Tsohon ya nuna mata kusurwar da Baban nata ke zama, ta je ta tsuguna a wajen tana kuka tana murmushi.

Salmanu bai shiga ba. Yana waje yana kai kawo, hannu cikin aljihu. Ta ɗauka halin 'yan boko ne, ba su son tuna baya.

Washegari dutsen Kufena suka hau. Gwiwar Mero ba ta son tudu, Zuwairatu ce ta riƙe hannunta tun daga ƙasa, tana cewa Yaya taka nan, Yaya kada ki duba ƙasa. Da suka kai inda za su iya kaiwa, gari ya shimfiɗu a gabansu, rufin soro da na kwano, gonakin rake, ga wani ɗan ƙaramin jirgin sama na masu koyo yana shawagi kamar shirwa.

Mero ta kare rana da hannu ta dubi gonakin da ke gindin dutsen, ta ce, “Garinku ya yi kyau, Zuwaira, amma dawarku ba ta kama ƙafar tawa ba. In an girbe zan aiko maki da ta kunu.”

Zuwairatu ta sunkuya tana gyara takalmi.

A Samaru kuwa Mero bakinta bai rufu ba. Benaye, shuke-shuke a jere kamar an auna, ɗakin littattafai da ya fi kasuwar Batsari faɗi a idonta, 'yan mata da littafi a hammata suna tafe suna gardama da samari. Ɗalibai na ganin Salmanu suna rusunawa. Da yamma ya kai ta bakin dam, ruwa kwance har inda ido ya tsaya. Nan ta kama kansa kamar yana yaro ta yi ta sa masa albarka, ta ce ko yau ta mutu ba ta yi asarar goyo ba.

Ya ce, “Amin, Yaya,” idonsa na kan ruwan.

Daga nan ta fara maganar komawa. Kullum ta tayar, sai ya ce saura tashar jirgin ƙasa, saura Kongo, saura Tudun Wada. Ita kuma ga daɗin garin, ga kunyar ƙani, sai ta ƙara kwana.

Ranar da abin ya faru Salmanu yana da aji tun safe. Ya ce su jira shi. Mero ta ce tsaraba ba ta jiran malami, ta matsa wa Zuwairatu suka hau tasi zuwa kasuwar Sabon Gari.

Suna tsaye wajen masu kwanuka ta ji an ce, “Kamar Inna Mero ta Darini?”

Ta waiga. Usaini ne, direban babbar mota ɗan Safana, wanda ke kwasar hatsi a kasuwanninsu yana kai wa kudu. Ya tsuguna, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi uwarsa da yaransa, ta tambayi ruwa ko ya ɗauke. Ya ce ya ɗauke, kaka ta yi kyau bana.

Har ya miƙe, sai ya ce, “Ai kuwa Inna mutane sun yi mamaki. Kowa cewa yake ba za ki taɓa yarda ba.”

“Yarda da mi?”

“Gonar mana.”

“Wace gona?”

Usaini ya dubi Zuwairatu, ya dubi Mero. Murmushin fuskarsa ya fara gushewa.

“Inna, ko dai ba ki...”

“Faɗi abin da ka fara, Usaini.”

Ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai abin da idonsa ya gani zai faɗa. Washegarin ranar da ta taho ya biyo ta Darini da lodi, ya tarar da katafila cikin gonarta. Ta shiga ta gabas tana kwantar da dawa tana turewa gefe, mata sun fito suna tsintar zangarniya a zane. Mai gari na tsaye, Alhaji Sada na tsaye. Da maƙwabta suka yi magana aka ce masu gona sun yarda, namijin ya sa hannu, macen kuma ta tafi Zariya hutawa.

Mero ta ajiye kwanon da ke hannunta a hankali inda ta ɗauke shi. Ta yi wa Usaini godiya, ta ce ya gaida gida.

Suka hau tasi zuwa gida. Suka wuce tashar jirgi, suka wuce gidajen da jiya take nunawa da yatsa tana tambayar sunansu. Yau ko kallonsu ba ta yi ba.

Da suka isa gida Fijo na ƙofar gida, wani ya wanke ta tana ƙyalli. Salmanu na falo da jarida. Ya ɗago da fara'a yana tambayar ina tsarabar.

Mero ba ta zauna kan kujera ba. Ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa, ta ce, “Zo nan, Salmanu.”

Ya dubi matarsa. Zuwairatu ta jingina da bango ta sunkuyar da kai. Nan take ya gane.

Ya ajiye jaridar ya sauko ƙasa.

“Na ga Usaini direba a kasuwa.”

Ya sunkuyar da kai.

“Ina so in ji daga bakinka. Kai ka sa hannu?”

“Yaya, ki bari in yi maki bayani.”

“Kai ka sa?”

“Ni na sa.”

“Kafin ka zo ɗaukata, ko bayan?”

“Kafin.”

Mero ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin gero.

“To ranar da ka zauna kan tabarmata ka ci tuwona, ka ce abin da Yaya ta ce shi ne magana, ka riga ka gama.”

“Yaya, ko na sa ko ban sa ba, hanyar nan sai an yi ta. Gwamnati ce. Da sun zo da ƙarfi kina nan, na san ki, gaban katafila za ki kwanta. Ban so a wulaƙanta ki gaban mutane ba.”

“Shi ya sa ka wulaƙanta ni a bayansu.”

“Ba haka ba ne.”

“An ce na tafi Zariya hutawa. Mata na tsintar dawata a zane, ni ina kan dutse ina kallon jirgi.”

Ya yi ta magana. Ya ce za a ba ta wata gonar wajen Safana, ya ce dawar za a biya, ya ce shi ma yana da haƙƙi a gonar, bai taɓa tambayar ko dami ɗaya ba. Mero na sauraro, idonta a kan yatsun ƙafarta. Da ya ga ba ta motsa ba sai muryarsa ta canza.

“Yaya, Inna a hanyar Batsari ta cika, a kan gadon kara, maza na ɗauke da ita a ka. Da akwai titi da mota ta kai ta asibiti. Ni ban san fuskar uwata ba saboda babu hanya. Kina so wata ta sake mutuwa haka saboda gona?”

Sai a lokacin ta ɗago.

“Ni na bi bayan gadon nan da ƙafata, kai kana hannuna cikin tsumma. Ni na ji lokacin da ta daina nishi. Kada ka gaya mani yadda Inna ta mutu.”

Ya kawar da kai.

“Ni ban ce kada a yi hanya ba. Marmara ta cika dajin nan, tun daga bayan gari har tsaunuka. Alhaji Sada tawa yake so don ita ce a bakin aiki, ba sai motarsa ta yi nisa ba. Ka san haka. Kai ka yi karatu, ka fi ni sani.”

Ta juya wajen taga, inda farar motar ke tsaye a rana.

“Waccan fa? Ka ce mani ta Udoji ce.”

Salmanu ya ƙura wa ƙasa ido.

“Zuwaira.”

Zuwairatu ta fashe da kuka mara sauti. “Yaya, ki yafe mini.”

“Ba yafiya na tambaye ki ba. Motar wa ce?”

“Alhaji ne ya aiko da ita daga Kaduna.”

Salmanu ya daka mata tsawa ta yi shiru, amma magana ta riga ta fita.

Mero ta dubi tafin hannunta, wanda ta dafa ganuwa da shi, wanda ta shafa kujerar motar da shi ranar farko tana cewa Allah ya tsare. Ta goge shi a zaninta.

“Ashe a cikin gonata nike yawo.”

“Yaya...”

“Ke kuma kin sani. Tun yaushe?”

“Tun kafin ki zo,” in ji Zuwairatu. “Na ce masa kada ya yi. Wallahi na ce masa. Ya ce in na faɗa maki a bakin aurena.”

“Kika riƙe hannuna a kan dutse kina cewa kada in duba ƙasa.”

Zuwairatu ta zame ta durƙusa.

A waje ana jin ɗalibai na wucewa a keke suna dariya. Da Mero ta sake magana muryarta ta yi ƙasa sosai, sai da Salmanu ya matso kafin ya ji.

“Gona ƙasa ce, na ji. Mota ma na ji. Abu ɗaya ne ba zan iya haɗiyewa ba. Garuruwa nawa ne a duniya, Salmanu? Da ka ce mani ba ka da lafiya, da na taho a guje. Da ka ce matarka ce, da na taho. Amma ka duba duk abin da ke cikin zuciyata, ka zaɓi zauren Baba. Kai kaɗai ka san abin da wurin nan yake a wajena. Da shi ka ɗaure ni.”

Hawaye ya zubo wa Salmanu.

“Shi ya sa ka kasa shiga.”

“Na kasa,” ya ce.

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗakin da aka sauke ta. Ba ta daɗe ba ta fito da ƙullin kayanta, wanda ta zo da shi. Atamfar da ya saya mata da takalmin da mazarƙwailar duk ta bar su a kan gado.

Ya tare ƙofa, ya ce ta bari ya kai ta. Ta ce ƙafarta ba ta sake taka motar nan, ko gawarta kada a sa a ciki. Usaini sai la'asar zai tashi, za ta hau bayan buhuna.

Har ta ɗora ƙullin a ka, sai ta tsaya. Wani abu ya faɗo mata wanda tun a kasuwa zuciyarta ke kewaye shi tana tsoron taɓawa.

“Usaini ya ce ta gabas suka shiga. Baba yana yamma, gindin ɗorawa, inda ya ce a sa shi.”

“Wannan kam na ɗaure shi, Yaya,” Salmanu ya faɗa da sauri, kamar wanda ya samu abin kamawa. “Shi ne sharaɗina na farko. Na kai Alhaji har wajen na nuna masa da hannuna. Ya dafa ƙirji ya ce ko inuwar ɗorawar ba za a taka ba. Na rantse maki da Allah, kabarin Baba ba abin da zai same shi.”

Ta dube shi ido cikin ido. Ta so ta yarda. Duk da abin da ya yi, ta so ta yarda da wannan ɗayan.

Ƙarar mota ta tsaya a waje. Aka buga ƙofar mota da ƙarfi, aka yi sallama da muryar da Mero ta sani ko cikin barci.

Salmanu ya yi saurin fita baranda ya ja labule a bayansa. Mero na tsaye daf da labulen, ƙulli a ka. Ta ƙasan labulen tana hango takalman baƙon da bakin rigarsa, duk jar ƙasa.

Alhaji Sada ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

“Malam, aiki ya tsaya. Tun jiya ba a kwashi ko tifa ɗaya ba.”

“Alhaji, yi a hankali, mu je waje...”

“Wane waje? Daga Darini nike, ko gida ban biya ba. Yaron katafilar nan baƙo ne, na manta ban gaya masa ba. Ya ga itace ya tare masa hanya ya ture shi, ya ci gaba da tono.”

Alhaji ya ci gaba.

“Yanzu gari duk ya fito, har Fulanin rugagen nan da sandunansu. Liman ya sa an lulluɓe abin da aka samu da farin ƙyalle, an zauna ana gadi. Sun ce ba mai sake taɓa ƙasar nan, kuma ba mai maida ƙasusuwan ko'ina, sai 'yarsa ta zo da kanta. Ina ka ɓoye ta?”

Ƙullin ya zamo daga kan Mero ya faɗi ƙasa.

Ta sa hannu ta yaye labulen.

“Ga ni, Alhaji.”